Akwatin ƙudan zuman da ba ya harbi: abin da na gani bayan wata 14

Tun farko bari in faɗi abin da ya kai ni, tsoro ne wallahi. Ni ina son zuma kamar me, amma ƙudan zuma ya taɓa harbina a fatar ido ina yaro, na yi kwana uku ina kallon duniya da ido ɗaya, tun daga ranar ko ƙararsa na ji kusa da kunnena sai jikina ya ɗauki rawa. To da na ga wani mai kiwo yana tallan akwati da ƙudan a ciki, wai irin wanda ba ya harbi, har da bidiyon ƙaramin yaro ya tura hannu cikin amya yana dariya, sai na ce shikenan an zo wajen, ashe akwai yadda za a sha zuma ba a sha harbi ba. Na tura kuɗi ban ma tsaya dogon ciniki ba. Yanzu wata 14 kenan akwatin yana bayan ɗakina, na buɗe shi ya fi sau goma, na ɗebi zuma sau ɗaya tak, na kusa rasa su gaba ɗaya sau ɗaya, don haka ina ganin na kai in yi magana. Ba zan kama sunan mai sayarwar ba, akwai inda zan yabe shi akwai kuma inda zan taɓa shi.

Abin da ya zo a kayan: akwatin katako hawa uku, babban sirinji da ɗan siririn tiyo, wani ƙarfe mai faɗin baki na ɓamɓare murfi, farar leda mai kauri da ake shimfiɗawa ƙarƙashin murfin yadda za ka iya leƙawa iska ba ta shiga ba, sai takarda guda ɗaya ta bayani wadda rabinta talla ce. Akwatin ƙarami ne fa, ni na zaci zan ga wani abu kamar adaka, sai ga abu da za ka rungume shi da hannu ɗaya. Irin tsarin nan ne da ake kira akwatin INPA, sunan wata cibiyar bincike ce a birnin Manaus na Birazil, hawan ƙasa da na tsakiya ɗakin ƙwai da 'ya'ya, na sama kuma rumbun zuma, yadda in za ka ɗebi zuma sai dai ka ɗaga na sama ka bar 'ya'ya suna barcinsu. Wannan tsarin kam ya yi, ba ni da ta cewa a kansa. Katakon ma mai kauri ne, ya kai yatsa biyu, kuma kaurin nan yana da amfani saboda su ba su iya daidaita zafin ɗakinsu kamar babban ƙudan zuma, wato mai harbin nan da muka saba da shi, katakon ne rigar sanyinsu shi ne kuma inuwarsu.

Su waye ma ƙudan? Wanda ya san galla, 'yan mitsi-mitsin nan da ke damun mutum a ido da kunne in ya shiga daji da zafi yana gumi, to danginsu ne. Gumin suke bi saboda gishirin da ke ciki. Dangi ne babba, an ƙidaya sama da iri 500, kuma duk a ƙasashe masu zafi suke, Kudancin Amurka da Amurka ta Tsakiya su suka fi kowa yawan iri, sai Afirka, kudu maso gabashin Asiya da arewacin Ostireliya. Nawa mai sayarwar ya ce min cikin dangin Meliponula suke, baƙaƙe da ɗan ja a ciki, sun fi galla girma amma ba su kai rabin ƙudan zuman da muka sani ba. Ƙarin harbin yana nan a jikinsu sai dai ya ƙanƙance ya zama ba ya aiki, kamar wuƙar da ta rage ƙota kawai.

To amma nan ne talla ta fara rabuwa da gaskiya. Ba ya harbi ba yana nufin ba ya faɗa ba. Ranar da na fara buɗewa, na zo da isa ta ko hula ban sa ba, na sa ƙarfen na ɓamɓare murfin da suka liƙe da danƙo, kan ka ce kwabo sun cika min gemu da gashin kai, wasu sun nufi cikin kunne wasu gashin ido, suna cizo ƙanana-ƙanana kamar ana tsungulinka da farce, wasu kuma suna manna maka danƙo a fata. Ba zafi sosai, ba kumburi, bayan minti biyar ka manta, amma a lokacin sai da na saki murfin na zaga gida da gudu ina kakkaɓe kai. Uwargida tana tsaye bakin ƙofa tana dariya har da riƙe ciki, ta ce "Malam ai cewa ka yi ba sa komai." Na ce ai ba su yi komai ba, gaisawa muke. Wanda ya kama gashi ba ya saki, sai dai ka zare shi a mace, abin har tausayi ya ba ni. Yanzu hula nake sawa in ɗaura ɗan mayafin raga a fuska, shikenan, ba hayaƙi ba rigar kariya ba safar hannu. Kuma a bakin gaskiya yarana suna wasa taku uku daga akwatin kullum, ko sau ɗaya ba a taɓa cizon kowa ba, sai in ka buɗe musu ɗaki suke tashi. Sai dai kar wani ya ɗauka duk danginsu haka suke da sauƙi, a Kudancin Amurka akwai masu suna Oxytrigona da ake yi wa laƙabi da ƙudan wuta, in suka cije ka suna zuba wani ruwa mai ƙuna da ke sa fata ta yi bororo. Akwai ma wasu iri uku a can da suka bar garin fure suka koma cin mushe. Don haka ka tambayi sunan irin da za a sayar maka kafin ka biya.

Babban ƙorafina na farko a kan yadda aka kawo min shi ne. Ba a sa wata alama a jikin akwatin da ke nuna nan ne sama nan ne ƙasa ba, yaron da ya kawo kuma ba a yi masa bayani ba, ya kwantar da shi a gefe ya ɗaure a bayan babur ya taho da shi haka. Ni ma a lokacin ban ga wani abu a ciki ba, na karɓa na yi godiya. Ashe ɓarna aka yi babba. Su waɗannan ba sa ciyar da 'ya'yansu kullum kamar babban ƙudan zuma, a'a, ma'aikata za su gina ɗan ɗaki su zuba abinci mai ruwa-ruwa da zai ishi ɗan har ya girma, sarauniya ta zo ta dasa ƙwai ɗaya a tsaye a kan abincin, su rufe ɗakin ruf, ba mai sake buɗewa sai ran da ɗan ya fito da fukafukansa. To in ka kwantar da akwatin ko ka jijjiga shi, ƙwan sai ya faɗi ya nutse cikin abincinsa ya mutu. Kuma ba za ka gane nan take ba, saboda su daga ƙwai zuwa fitowa suna ɗaukar wajen kwana 40 zuwa 50, ba kamar babban ƙuda da ke yin kwana 21 ba. Sai bayan kusan wata ɗaya da rabi na ga zirga-zirgar bakin ƙofa ta ragu sosai, tsofaffi suna mutuwa babu sababbin da za su maye gurbinsu. Na kira mutumin, ya tambaye ni yadda aka kawo, da na faɗa masa ya yi salati ya ce "Alhaji ai an kashe maka zubi guda kenan, amma ka yi haƙuri za su farfaɗo in sarauniya tana nan." Sun farfaɗo ɗin kuwa. Amma fisabilillahi kibiya ɗaya da maka a jikin akwati me za ta ci masa?

Inda zan yabe shi kuwa, waya. Duk lokacin da na kira yana ɗauka, ko da dare ne, kuma ya san abinsa, ba irin masu sayar maka da kaya su toshe lambarka ba ne. Shi ya ce in ɗora akwatin a kan ɗan teburi ƙarƙashin inuwa inda ranar safe kawai ke taɓawa, in sa ƙafafun teburin cikin gwangwanaye da ɗan baƙin mai saboda tururuwa da cinnaka, in riƙa duba tsaka da ƙadangaru da ke zuwa su laɓe bakin ƙofa suna lashe masu dawowa ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma ja min kunne a kan feshin maganin sauro da na ƙwari kusa da wajen. Zafi shi ne babban abokin gabarsu, masu kiwon irin na Ostireliya suna cewa in cikin akwati ya kai digiri 42 gidan na iya mutuwa, kuma ƙasa da digiri 18 ba sa ma fita kiwo. Ranakun da rana ta buɗe sosai jiƙaƙƙen buhu nake ɗorawa a kan rufin.

Bari in tsaya a kan cikin akwatin, don shi ne abin da ya sa har yau ban yi nadamar kuɗina ba. In ka ɗaga murfi ka leƙa ta ledar nan, ba za ka ga saƙar zuma mai ramuka shida-shida da ka saba gani ba. 'Yan tuluna za ka gani, masu ruwan ƙasa-ƙasa, kowanne kamar ƙwayar inabi, an jera su an manne juna kamar wani maginin tukwane ya yi aikin dare ya tafi. Ba da zallan kaki suke gina su ba, kaki ne da suke fitarwa daga jikinsu suke kwaɓawa da danƙon itatuwa, shi ya sa yake da laushi da duhu da wani ƙamshi kamar ka shiga shagon turaren wuta da aka rufe kwana biyu. Wasu tulunan zuma ce a ciki, wasu garin fure ne da aka danna ya yi tsami, in tulu ya cika sai su rufe bakinsa. A ƙasa kuma ɗakin 'ya'ya, faifai-faifai a kwance hawa kan hawa da 'yan ginshiƙai a tsakani, an lulluɓe shi da wasu siraran mayafai na kaki kamar ɓawon albasa don riƙe ɗumi. Na Ostireliya mai suna Tetragonula carbonaria ma nasu ɗakin murɗe shi suke yi yana hawa kamar katantanwa. Sau ɗaya na ga sarauniya, cikinta ya kumbura ya yi fari tana jan jiki a kan faifan kamar tsohuwar da ƙafa ta gaza, ma'aikata sun kewaye ta. Ita in ta fara ƙwai ta gama tashi sama har abada, shi ya sa su ba sa yin irin ƙaurar nan da babban ƙudan zuma ke yi ka wayi gari ka ga amya wayam. In za su raba gida ma a hankali suke yi, su nemo rami a kusa, su yi ta kwasar kaki da abinci daga gidan uwa suna kaiwa har makonni, sannan budurwar sarauniya ta tare.

Bakin ƙofar ma abin kallo ne, ɗan rami ne da suka tsuke da danƙo yadda ƙuda ɗaya ko biyu kawai ke wucewa, kullum da mai gadi ya leƙo da kai, in mai kaya ya dawo sai ya ja baya ya ba shi hanya ya sake dawowa. Nakan ɗauki kujera da safe in zauna ina kallonsu, masu dawowa da ƙunshin garin fure rawaya a ƙafafun baya, masu danƙo yana ƙyalli, masu fito da shara a baki su tashi da ita su yar can nesa. Ƙaramar 'yata ta sa wa mai gadin suna, kullum sai ta ce "Baba zo ka ga ɗan sanda bai tafi ba," ita a ganinta guda ɗaya ne tun bara. A Birazil akwai wani iri da suke kira jataí, su har sojoji na musamman gare su, wani bincike na 2012 ya nuna masu gadinsu sun fi sauran ma'aikata nauyi da kusan kashi 30 cikin 100, wasu ma shawagi suke yi a iska gaban ƙofa suna tsaro.

Ƙorafi na biyu, kuma shi ne ya kusa raba ni da su: murfin. Katakon murfin bai gama bushewa ba aka yi aiki da shi, da damina ta kama sai ya ɗan lanƙwashe ya bar wata 'yar kafa a gefe ɗaya da ko tsinken ashana da ƙyar zai shiga. Ni kuma a satin na buɗe na yi ganganci ƙarfen ya fasa tulunan garin fure biyu, na mayar da murfi na tafi abina. Warin tsamin nan shi ne kiran sallar wasu ƙananan ƙudaje masu ƙusumbi, ba sa cika tashi sai dai ka ga suna gudu zir-zir a jikin katako suna tsayawa suna sake zurawa. Su ne babbar annobar masu wannan kiwo a ko'ina. Suna shiga su zuba ƙwai cikin garin furen, tsutsotsinsu su cinye rumbu su gangara kan 'ya'ya, cikin 'yan kwanaki gida ya ruɓe. Bayan kwana huɗu na ji wani wari daban, na buɗe na ga fararen tsutsotsi suna motsi a kusurwa, gabana ya faɗi. Na kira mai sayarwar hannuna na rawa, ya ce in kwashe duk tulun da ya fashe da na kusa da shi in zubar, in goge wajen da busasshen tsumma kar in sa ruwa, in samu 'yar roba mai murfi in huda ƙananan ramuka da ƙudajen za su iya shiga amma ƙudan zumana ba za su iya ba, in zuba ruwan khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega, in ajiye a cikin akwatin, sannan in zagaye duk mahaɗar akwatin da salatif. Kwana biyu na buɗe robar na tarar da gawarwaki sun fi talatin suna yawo a kan khal ɗin. Na canza sau uku kafin abin ya lafa. Dabarar ta yi aiki, na gode masa, amma da ya rubuta ta a takardar bayanin maimakon jerin cututtukan da wai zumar ke warkarwa, da ban shiga wannan tashin hankalin ba. Murfin kuma kafinta na kai ya yi min sabo da busasshen katako.

Yanzu zumar, wadda don ita aka yi duk wannan. Mai sayarwar ya ce kar in taɓa sai sun shekara, na bi maganarsa. Ran ɗiba na wanke hannu na tafasa sirinji da kwalba, na ɗaga hawan sama, na riƙa huda bakin kowane tulu da tsinke ina zura tiyon ina zuƙowa, tulu ɗaya bai fi cikin ƙaramin cokali ba, wani ma bai kai ba. Aikin haƙuri ne, na fi awa ɗaya a tsugune ƙafata ta yi sanyi, ina kaucewa tulunan garin fure kamar mai tafiya cikin ƙaya. Na bar musu wajen kashi ɗaya cikin uku don kar yunwa ta kama su. Abin da na samu bai cika kwalbar rabin lita ba. Shekara guda fa! Na ɗaga kwalbar ina kallo uwargida ta ce "Malam wannan ce zumar ko samfur aka ba ka?" A tallar an nuna jarkoki a jere, an ce jari ne mai dawo da kuɗi da wuri, to wannan kam zuƙi ta malle ce in dai akwati ɗaya ko biyu gare ka. Ko a Ostireliya da suka daɗe suna kiwon nasu, abin da aka sani shi ne akwati ɗaya ba ya wuce kilo 1 a shekara, sau da yawa ma bai kai ba, alhali amyar babban ƙudan zuma mai lafiya tana iya ba ka kilo 20 ko fiye. Dalilin a fili yake, jikinsu ƙarami, kuma ƙananan irin ba sa nisa da gida, wajen mita 500 ne iyakar kiwonsu, don haka in unguwarku ba bishiyoyi ba furanni kar ma ka fara. Waɗanda suka mayar da shi sana'a, irin mutanen Maleshiya da ke kiransa kelulut, akwatuna ɗaruruwa suke jerawa a gona har da ɗan injin zuƙa mai batir.

Amma ɗanɗanon, kai jama'a. Ban taɓa sa irinta a baki ba. Ruwa-ruwa ce, tana zuba kamar man gyaɗa ba ta yin zaren nan, zaƙin yana fara zuwa sai tsami ya biyo shi a baya kamar an matsa lemon tsami a ciki, sannan wani ƙamshin danƙo ya tsaya maka a maƙogwaro. Ba ta ƙona wuya ba ta gundura. Wani abokina da ke ganin shi gwani ne wajen gane zuma ya ɗiga ta a ruwa ta narke nan take, ya tsoma ashana ya ƙyasta ta ƙi kamawa, ya dube ni ya ce an cuce ni an haɗa min da ruwa. Na ce malam ni na zuƙo ta da hannuna daga tulu, wa ya haɗa? Duk gwaje-gwajen nan na gane zuma mai kyau faɗuwa take yi, saboda haka Allah ya yi ta, ruwan cikinta yakan kai kashi 25 zuwa 35 cikin 100, ita kuwa zumar da aka saba ƙa'idar duniya ta ce kar ta wuce kashi 20. Har ta kai dokar Tarayyar Turai zumar babban ƙuda kawai ta sani da sunan zuma. Maleshiya sai da ta fitar da nata ma'aunin daban a 2017 saboda kelulut, ta yarda ɗanyarta ta kai kashi 35.

Wannan ruwan ne ya jawo min asara ta uku, wadda laifina ne rabi laifin takardar rabi. Mun saba zuma ba ta lalacewa, ka ajiye ta shekara nawa tana nan. Na raba tawa biyu, rabi a firij, rabi na ɗaure murfi tam na sa a kabad. Bayan kamar sati uku na zo buɗewa, murfin ya yi tsalle da ƙara fus, kumfa ta biyo ta zubo min a hannu, wari kamar ƙullun da ya kwana biyu. Ta fara tsima kenan. Ba wai ta zama guba ba, a Birazil ma wasu da gangan suke barinta ta tsima wata da watanni suna sassauta murfi iska na fita har ta tsaya da kanta, wasu kuma su ɗan ɗumama ta ko su rage mata ruwa da inji. Amma ni ba haka na so ta ba, tsamin ya danne komai. Ta firij ɗin kuwa tana nan yadda na zuba ta. Don haka duk wanda ya ɗiba ko ya saya, firij kai tsaye, kuma in ka ga ana sayar da ita a rana cikin roba ta kumbura ka san me ke faruwa.

Maganar magani kuma, nan ma sai an yi hattara. Takardar ta lissafo cuta ta fi goma sha biyar, har da waɗanda asibiti ma ke fama da su. Abin da yake tabbas shi ne mutane sun daɗe suna girmama wannan zumar. Mutanen Maya a yankin Yukatan na Meziko sun yi ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawan Sifen suna kiwon wani iri mai suna Melipona beecheii cikin gungumen icce da aka rarake aka toshe bakinsa biyu, suna kiransa xunan kab, wato kamar gimbiyar ƙudan zuma, har yau ana yi. A Habasha akwai irin wannan zumar da suke kira tazma, wadda ake tonowa daga ƙarƙashin ƙasa, tari da ciwon ƙirji ake nemanta dominsu. Sannan a 2020 masu bincike a Jami'ar Queensland da abokan aikinsu suka gwada zumar iri biyar daga Ostireliya da Maleshiya da Birazil, suka tarar da wani sukari da ba kasafai ake samunsa a abinci ba mai suna tirehalulos, giram 13 zuwa 44 cikin kowane giram 100, shi wannan a hankali yake shiga jini kuma ba ya cin haƙori. Labari ne mai daɗi, amma sauran abin da ke cikin kwalbar ai sukari ne dai, mai ciwon suga kar ya ji wannan ya ajiye maganinsa ya kama shan cokali-cokali. Masu cewa a ɗiga a ido kuma ni dai ban yi ba ba kuma zan yi ba, abin da ke tsima da kansa a kabad ba zan zuba shi a idona ba. Jariri da bai shekara ba kuwa ba a ba shi kowace irin zuma, har da wannan.

Wani amfanin da ban saya dominsa ba amma na gani, bishiyar lemon da ke bayan gida. Lokacin fure tun da sassafe suke rufe ta, kuma bana ta yi 'ya'ya har sai da na tokare reshe biyu da sanda. Ruwa ma ya yi kyau bana, ban ba su ladan duka ba, amma dai sananne ne ana kai akwatunansu gonakin mangwaro da afokado da makadamiya don barbarar fure, har cikin rumfunan leda na noma inda babban ƙuda ke rikicewa kuma ma'aikata ke tsoron harbi.

In maki zan bayar, ƙudan kansu biyar cikin biyar, tsarin akwati huɗu, murfi da takardar bayani ɗaya da ƙyar, mutumin a waya biyar, tallarsa kuma sifili. Wanda ke da inuwa da bishiyoyi a kusa, yana son abin da zai zauna ya kalla da 'yar zumar da zai lasa ya ba baƙo ya ɗanɗana, ya saya. Wanda ke lissafin jarka da riba da akwati ɗaya ya riƙe kuɗinsa. Kuma in za ka saya ka tambaya ko gidan rabawa aka yi daga wani akwatin ko kuwa bishiya aka sare a daji aka farfasa aka kwaso, na biyun nan sau da yawa ba sa rayuwa ga kuma ɓarnar daji, nawa dai na rabo ne, na ga akwatin uwar a bidiyo kafin a ɗaure. Ka je ka ɗauko da kanka da dare bayan duk sun shige, a toshe ƙofar da raga, ka riƙe shi a tsaye a cinyarka har gida.

Jiya na leƙa ta ledar, faifan 'ya'ya ya cika hawan ƙasa ya hau na tsakiya, kuma a gefen wani faifai na hango ɗaki ɗaya da ya fi sauran girma, mutumin ya ce ɗakin sabuwar sarauniya ne, in furanni suka buɗe zan iya raba su gida biyu. Na riga na kai wa kafintana awon akwatin, na ce ya nemo katakon da ya shekara a bushe, kuma ya zana min kibiya a kowane gefe.